Ranar da Dada Ta Kira Sunan Yayanku

Ina gonar gyaɗa ta bayan gari, na sunkuya ina kakkaɓe ƙasa daga jikin saiwa, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Hannuna duk ƙasa ne, sai da na goge a riga kafin na ɗauka. Yayanku ne daga Kano. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi Adda, don haka yake kiran mahaifiyarku tun yana ƙarami, ya tambayi gyaɗa ko ta yi 'ya'ya bana. Da na ga gaisuwar ta ƙi ƙarewa sai na ce masa lafiya dai ko.

"Lafiya lau, Baba. An ɗauke ni. Aikin nan na Abuja da muka yi wa jarrabawa, sunana ya fito."

Na nemi gindin kuka na zauna. Na yi hamdala ban san iyaka ba.

"Saura abu ɗaya," in ji shi. "Sai sun tantance ni tukuna."

"Mece ce kuma tantancewa?"

"Za su binciki asalina, inda aka haife ni, iyayena, da mutanen da nake hulɗa da su. Ofishin da za a sa ni ana ajiye sirrin gwamnati ne. Ba sa barin mutum ya shiga sai sun san ko shi wane ne."

Na ce masa in dai wannan ne ya kwantar da hankalinsa. Kakansa yana kwance a maƙabartar Unguwar Hajji, kakan kakansa ma haka. Duk wanda yake son ya san asalinmu ya zo Ƙaraye ya tambayi ko ɗan acaɓa ne, za a kawo shi har ƙofar gida. Na bar gyaɗar a nan a zube, na hau keke na nufi gida, kuma ban tuna na bar fartanya a gona ba sai washegari.

Na tarar da mahaifiyarku, Dada kamar yadda ku ƙananan kuke ce mata, a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Rabi 'yar'uwarku ta zo ganin gida daga Gwangwan, tana zaune kusa da ita. Tun daga bakin zaure na faɗi labarin. Rabi ta watsar da abin da ke hannunta ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Dada kuwa ko kai ba ta ɗaga ba.

"To, Allah ya sanya alheri," ta ce. "Sai a kira Hajjo a gaya mata ɗanta ya samu aiki."

Ta ci gaba da ɓararta. Amma kafin la'asar na ga ta kama babban zakaranta, wanda ta hana a taɓa ko da Sallah, ta miƙo mini in yanka. Ta dama fura cike da ƙwarya biyu da nonon da aka aiko mata daga Ruwan Bago, ta sa aka bi gidaje ana rabawa. Duk wanda ya tambaye ta na mene ne, sai ta ce sadaka ce kawai. Tana tuƙa tuwo ina jin ta tana wata waƙa da Fillanci a hankali, wadda rabona da jin ta tun muna sababbin aure. Da na wuce ta gefen murhu sai ta yi shiru.

Na san yadda kuke ba da wannan labari a wajen biki. Kuna cewa kunyar ɗan fari ta kusa sa Dada ta raba Yayanku da aikinsa, ku yi ta dariya, jikoki ma sun haddace. Ban hana ku dariya ba, ita ma ta yi dariyar a bayan nan. Amma yanzu da ba ta nan, ina so ku san abin yadda yake, don rabinsa kawai kuka sani.

Dada Bafulatana ce ta Ruwan Bago a ƙasar Rogo, kun sani. Da cikin Yayanku ya tsufa aka mayar da ita gidansu kamar yadda ake yi wa haihuwar fari, a can ta haihu a ɗakin tsohuwarta, ba asibiti, ba takarda. Tana da yaya guda ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce Inna Hajjo. Hajjo ce ta goye ta tun da uwarsu take fita tallan nono. Hajjo ta yi aure ta daɗe Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma makiyayi ne, ya bi shanunsa arewa har suka zauna a wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, cikin Nijar. A lokacin ba wanda yake ganin wannan a matsayin barin ƙasa. Shanu suna tafiya inda ciyawa take, mutane suna bin su. Da aka yaye Yayanku, Hajjo ta zo. Ba ta roƙa ba. Dada ce ta ɗauke shi ta aza mata shi a baya, ta ɗaure mata zanen da hannunta, ta ce, "Ga ɗanki nan." Da yardata aka yi. A can ya tashi, a can ya koyi tafiya bayan maruƙa, har ya isa shiga makaranta na je na dawo da shi. Ya dawo da Hausarsa ta mutanen can, yara suna tsokanarsa, yana ce wa Hajjo Inna, yana ce wa wadda ta haife shi Adda. Duk hutun makaranta can yake tafiya. Unguwa kaf kuma ɗan Hajjo ake ce masa, don kowa ya san in ka ce wa Dada ɗanki za ta tashi ta bar maka wurin. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. In tana son a ba shi abinci sai ta ce a kai wa wancan. Ni ma Babba nake ce masa, har yau.

Masu tantancewar ba su aiko cewa za su zo ba. Ashe haka aikinsu yake. Sun zo ranar kasuwar Rogo, na tafi sayar da tunkiya. Su biyu ne, namiji da mace, a wata farar mota. Namijin ya tsaya a waje yana magana da mutanen da ke zaune a dakalin masallaci, macen ta yi sallama ta shiga ciki. Rabi ce ta ba ni labarin abin da ya faru, don tana nan. Ta ce yarinya ce mai ladabi, ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe da Dada. Hausarta tana fita, amma ka ji ka san a bariki ta koya, ba a gidan Hausawa ta girma ba. Dada ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, ta ba ta dafaffiyar gyaɗa. Sai baƙuwar ta kira sunan Yayanku cikakke, ta ce, "Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

Dada ta ja mayafi ta rufe baki, ta dubi ƙasa.

"Ɗan yayata ne."

"Ina yayar taki take?"

"Tana Nijar."

"Can aka haife shi?"

"Can ya tashi."

Rabi ta ce ta buɗe baki za ta gyara zancen, Dada ta yi mata kallon da kuka sani, ta haɗiye maganarta. A waje kuma namijin ya tambayi dattawan dakali, su kuwa da murnarsu, suna ganin taimako suke yi. Suka ce ai ɗan Hajjo yaron kirki ne, Hajjo ta Nijar, ba ya wata biyu bai yi mata aike ba, ga shi har yaren Faransa yana ɗan taɓawa. Aka raka baƙi har mota, aka cika musu but ɗinta da rake. Da na dawo da yamma aka tare ni da albishir cewa mutanen Abuja sun zo kuma an karɓe su hannu bibbiyu.

Ba a daɗe ba Yayanku ya zo gida da kansa, ba tare da ya yi waya ba. Da na ga yadda ya ajiye jakarsa na san akwai magana. Muka zauna a zaure. Ya ce an kira sauran abokansa su fara horo, shi an ce ya dakata. An zaunar da shi an tambaye shi me ya sa ya ce mahaifiyarsa 'yar Rogo ce, alhali matar da ke gidan ubansa ta ce ba ita ta haife shi ba, unguwa kuma ta shaida uwarsa tana Nijar. Sun duba wayarsa sun ga lambar ƙasar waje an rubuta mata Inna. Ga shi ba shi da takardar asibiti, sai ta rantsuwar kotu. A shekarar kuma tsakanin gwamnatocin biyu ba daɗi, an rufe boda, ana ta maganganu a rediyo. Ya yi musu bayani, suka saurara, suka ce maganarsa daban, ta uwar daban. In ba a warware ba kafin a rufe ɗaukar, za a ba wani gurbin, kuma za a rubuta cewa ya ɓoye asalinsa. Wannan rubutun shi ya fi damunsa, don zai bi shi duk inda ya nemi aikin gwamnati.

Kawunku Sale, ƙanena, ya ji labari ya zo. Kun san shi da son a gama magana da wuri, tun da ya yi aikin ɗan sanda yake ganin ya san kan gwamnati.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji shi. "Ka goge lambar. In sun sake tambaya ka ce wata tsohuwa ce 'yar garinku da kake taimaka wa saboda Allah, ba ku haɗa komai ba. Ita kuma Yaya, mahaifiyarka, a lallaɓa ta ta ce ba ta fahimci tambayar ba. Shi ke nan."

Yayanku ya sunkuyar da kai ya amsa a hankali. Ba mai musu da manya ba ne.

"Kawu, matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki? In ce ban haɗa komai da ita ba?"

"Kai, a baki ne kawai! Wa zai gaya mata?"

"Ni zan sani. In sai na faɗi haka za su ɗauke ni, su bar shi. Zan koma koyarwata."

Sale ya dube ni, wai in sa baki. Na ce masa yaron ya riga ni. Ba za mu rage kowa ba, ba za mu ƙara kowa ba. Za mu roƙe su su dawo, mu faɗa musu yadda abin yake tun daga farko. Sale ya kaɗa rigarsa ya ce mu mutanen ƙauye ba a iya mana, amma shi ne ya bi Yayanku Kano washegari, ya yi ta zirga-zirga har aka yarda za a sake turo mutane.

Saura Dada. Na same ta da hantsi a bayan gida tana ba awaki dusa. Na yi mata bayani a hankali, na ce ba wani abu ake so ba, ta ce ita ta haife shi, ta faɗi sunansa a gabansu, magana ta ƙare. Na ɗauka za ta ce kunya. Na ma shirya abin da zan ce mata, cewa malamai sun ce wannan al'ada ce ba addini ba. Sai ta ajiye kwanon dusar, ta goge hannu a zane.

"Malam, kana ganin kunya ce kawai? In kunya ce ai sai in rufe ido in faɗa. Ni na aza mata shi a baya. Ni na ce ga ɗanki nan. Ba ta da kowa sai shi. Yanzu don an zo da mota sai in tashi a gaban baƙi in ce nawa ne, a rubuta a takardar gwamnati cewa Hajjo ba ta da ɗa? Da wane bakin zan gaishe ta?"

Shekarun da muka yi tare, ban taɓa sanin haka abin yake a ranta ba. Ni ma kamar ku, kunya na ɗauka. Wannan shi ne rabin da ba ku sani ba.

Na ce to a kira Hajjo. Kiran Hajjo kuwa aiki ne. Ba ta da waya a hannunta, lambar da ke wajen Yayanku ta ɗan mijinta ce, kuma a ƙauyen nasu ba a samun sabis sai an hau wani tudu bayan rijiya. Aka yi saƙo, aka sa lokaci bayan azahar. Muka zauna a tsakar gida, Yayanku ya sa wayar yadda kowa zai ji. Muka ji ta tana haki tana faɗa da wanda ya riƙo ta.

"Wane ne ya mutu da za a sa ni hawan dutse da wannan ƙafar?"

Yayanku ya gaishe ta, ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ya gama. Sai muka ji dariya, irin dariyarta mai tari a ƙarshe.

"Ba ni ƙanwata. Ke, Aisa! Tun kina yarinya haka kike, a tambaye ki hanyar rijiya ki nuna ta kasuwa. Mutanen gwamnati sun zo har gida suna tambaya, kin ce musu ni na haife shi? Ni da ko ɓari ban taɓa yi ba? To sun gode, sun ba ni haihuwa a tsufa!"

Dada ta amsa mata da Fillanci, murya ƙasa-ƙasa. Ina jin yaren kaɗan-kaɗan. Ta ce mata ba ta son ta karɓe abin da ta bayar. Hajjo ta daina dariya. Da ta sake magana, da Hausa ta yi, ina jin don yaron ya ji.

"Aisa, kin ba ni shi na goya, na yi masa wanka, ya yi mini fitsari a baya, ya kira ni Inna. Akwai gwamnatin da za ta zo ta kwance wannan? Su rubuta abin da suka ga dama. Ki faɗa musu gaskiya. Ki kira sunansa da ƙarfi yadda zan ji daga nan. In kika sa yarona ya rasa aikin nan, da boda da ba boda sai na zo na fasa miki ƙwaryar nono a ka."

Rabi tana dariya tana share hawaye. Yayanku ya tashi ya fita zaure. Dada ta miƙa mini wayar, ta shiga ɗaki.

Ranar da suka dawo, su uku ne. Yarinyar nan ta farko, da abokin aikinta, da wani babba mai furfura a gemu, Bakano, mai magana a natse. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, Sale ya zo da babbar riga kamar ranar ɗaurin aure. Mata suka cika soron ciki, maƙwabta har da waɗanda ba a gayyata ba. Babban ya fara da neman afuwa. Ya ce da ya karanta abin da yaransa suka kawo ya yi zargin kunyar ɗan fari ce, don shi ma ɗan fari ne, uwarsa ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Amma a aikinsu ba a rubuta zato, abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi ake rubutawa. Don haka ya zo ya ji da kunnensa.

Aka kira Dada. Ta fito da zanen da take sawa ranar Idi, ta zauna a bakin ƙofar soro, rabin jikinta a ciki. Yayanku yana gefe ya sunkuyar da kai.

"Hajiya," in ji babban, "wannan bawan Allah da ke zaune, mene ne tsakaninki da shi?"

Ina jin kukan tantabaru a kan rumbu. Ta gyara mayafinta, ta dubi bango, ba ta dubi kowa ba.

"Haruna ne. Ni na haife shi, a Ruwan Bago, a ɗakin uwata, da damina. Ɗana ne."

Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara.

"Kuma ɗan Hajjo ne. Ita ta raine shi. A rubuta duka biyun."

"Za a rubuta duka biyun, Hajiya," in ji shi.

Guɗar da ta tashi daga soron nan, mutanen bakin kasuwa sun ce sun ji ta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Yau Aisa ta haihu, a kawo ragon suna!" Liman yana dariya har rawaninsa ya kwance. Yarinyar nan ma'aikaciya ta rufe fuska da littafinta, ta ce wa Dada ta yafe mata, ba ta sani ba. Dada ta ce ba komai, amma ta tashi da sauri ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ba ta fito ba sai da baƙi suka tafi. Yayanku bai ɗaga kai ba. Na ga digon ruwa a kan tabarma a gabansa, na kau da ido.

Ba a nan aka gama ba. Da hayaniya ta lafa babban ya juya kan Yayanku, ya shiga tambayarsa game da mutanen can ɗaya bayan ɗaya. Mijin Hajjo yana raye? Me 'ya'yan mijin suke yi? Akwai mai aikin gwamnati a cikinsu? Sale yana ta yi masa ido, amma Yayanku ya faɗa musu cewa akwai ɗaya, wanda suka yi kiwo tare suna yara, yanzu yana aikin damara cikin jami'an tsaron can, kuma sukan gaisa da Sallah. Ya faɗi abin da yake aika wa Hajjo, da ta hannun wanda yake aikawa. Bai bar komai ba. Na ga Sale ya dafe kai.

Babban ya rufe littafinsa ya dube ni.

"Malam, kada ka ɗauka samun dangi a Nijar laifi ne. In haka ne, daga nan har Daura ba wanda zai yi aikin gwamnati. Ni kaina kakata daga Damagaram take. Abin da muke tsoro shi ne wanda mutum ya ɓoye. In yana da uwa a can da ba ya son mu sani, duk wanda ya gano ya samu igiyar da zai ja shi da ita. Wadda ya faɗa mana da bakinsa kuwa, mun san da ita, sai mu san yadda za mu tsare shi."

Ya ce zai kai rahoto, ba shi ne mai yanke hukunci ba. Amma ya gaya mana tun a nan cewa in an ɗauke shi, akwai sharaɗi. Zai riƙa sanar da ofis hulɗarsa da mutanen can. Kuma ba zai ƙetare boda ba, ko don biki ko don rasuwa, sai da izini a rubuce. Ya tambayi Yayanku ko ya yarda. Yayanku ya tambaya ko waya da aike an hana. Aka ce ba a hana ba, a dai sanar. Ya ce ya yarda. A lokacin duk mun ɗauka wannan ƙaramin abu ne.

Kafin a gama shigar da dawa rumbu aka kira shi. An tantance shi, an ɗauke shi. Walimar da aka yi kun fi ni tunawa, ku da kuka yi aikin. An zo daga Ruwan Bago a mota biyu, an zo daga Gwangwan, an soya kifin dam har unguwa ta ɗauki ƙamshi. 'Yan'uwan Dada suka sa ta a tsakiya suna tsokana, wai ta maimaita su ma su ji, tana korarsu da muciya tana dariya. Aka sake sa Hajjo hawan tudu, aka riƙe mata waya ta ji guɗa. Ta ce a gaya wa gwamnati ta kula mata da yaro, ba ya son yaji da yawa. Da Yayanku zai tafi Abuja ya durƙusa a ƙofar ɗakin Dada ya ce, "Adda, zan tafi." Ta ce daga ciki, "A gaya wa wancan ya riƙe salla." Ta koma yadda take. Ban sake jin sunan a bakinta ba. Amma daga ranar, in ya zo gida, ita take kai masa abinci da hannunta, ta ajiye, ta ɗan tsaya kafin ta juya.

Shekarar nan ita ce mafi daɗi da muka yi a gidan nan. Ina so ku riƙe ta haka.

Dada ta ga damina ɗaya bayan wannan. Ciwon bai ja ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba, kuna wurin. Yayanku ya iso kafin a kai ta. Hajjo ba ta samu zuwa ba, ƙafarta ta riga ta kai inda ba ta iya doguwar tafiya, a waya aka gaya mata, a kan tudun nan. Ba ta yi kuka mun ji ba. Ta ce Allah ya jiƙan Aisa, ta riga ta, alhali ita ce ƙarama. Sannan ta ce a gaya wa yaronta ya zo ta gan shi, ta yi masa ta'aziyyar uwarsa, shi ma ya yi mata ta ƙanwarta.

Ya nemi izinin tun a makon da ya koma bakin aiki. Ba su ce a'a ba. Sun ce ana dubawa, saboda yanayin da ake ciki da kuma ɗan mijin nan nata mai aikin damara. Ya sake tunatar da su, suka ce yana kan layi. Ban ga laifinsu ba, sun gaya mana tun farko a zauren nan, kuma mun ce mun yarda. Yana kiranta duk Juma'a, yanzu a kan amalanke ake kai ta tudun. Har ranar da nake wannan rubutu izinin bai fito ba, kuma Yayanku bai je ya yi wa Hajjo ta'aziyya ba.